Sawakin: Garin Da Ya Gagari Igwa, Rashin Yaɓe Ya Kayar Da Shi

Gabatarwa

A gidanmu, idan aka aiki yaro ya daɗe bai dawo ba, kakata takan tarbe shi da tambaya ɗaya: “Ko Sawakin ka je?” Na girma ina zaton Sawakin sunan wata duniya ce ta tatsuniya, sai daga baya na gane gari ne na gaske a gaɓar Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan. Mahaifin kakata ya tafi aikin Hajji a ƙasa, ya yi shekara bakwai kafin ya komo, kuma daga Sawakin ya shiga jirgin ruwan da ya tsallakar da shi Jidda. Labarin da ya zo da shi na wani gari ne fari fat a tsakiyar ruwa, mai benaye hawa biyu da hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa.

A shekarar 2022, ina ɗalibin tarihi a Khartum, Allah ya nufe ni da zuwa garin. Na taka gadar da ta haɗa tsibirin da tudu, ina ɗokin ganin abin da kakan nawa ya gani. Abin da na tarar tsibi-tsibin fararen duwatsu ne, da guntayen bangaye, da kyanwoyi suna kai da komo. Na tambayi wani dattijo mai sayar da gahawa a bakin gadar wane yaƙi ne ya yi wannan ɓarna. Ya girgiza kai ya ce ba yaƙi ba ne, masu gidajen ne suka tashi. Wannan amsa ita ce tushen maƙalar nan.

Tashen Sawakin

Sawakin na kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Tsohon garin ɗan ƙaramin tsibiri ne da mutum zai iya kewaye shi a ƙafa cikin ƙasa da rabin sa'a. Yana zaune a tsakiyar wani lungun teku wanda ba a shigarsa sai ta siririn mashigi, saboda haka igiyar ruwa da iska ba sa damun jiragen da suka fake a ciki. Asalin mutanen yankin Beja ne, makiyaya raƙuma da awaki, kuma sunan da suke kiran garin da shi a harshensu yana nufin kasuwa. Akwai kuma almarar da ake yi cewa a nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljanu.

Ibn Battuta ya yada zango a tsibirin a ƙarni na 14, ya kuma lura cewa babu ruwan sha a cikinsa, babu shuka, sai an kawo ruwa cikin kwalekwale. Wannan matsala ta ruwa za mu sake gamuwa da ita a gaba. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, sai fatake da alhazai suka karkato Sawakin. A 1541 rundunar jiragen Fotugal ƙarƙashin Estevao da Gama ta afka wa garin ta yi masa ɓarna, amma ya farfaɗo. Wani jami'in rundunar, Joao de Castro, ya bar bayanin da ya yaba arzikin garin har ya kwatanta cinikinsa da na Lisbon. Daular Usmaniyya ta mallake shi bayan ta ci Masar a 1517, kuma a 1555 ta mai da shi mazaunin lardin da ta kira Habasha.

Ayarin raƙuma kan sauko daga Sinnar da Barbar ɗauke da ƙaro, da hauren giwa, da gashin jimina, da fatu, su koma da tufafi da turare da kayan yaji na Indiya. Bai kamata a ɓoye ba cewa har da bayi cikin hajar da ta bi ta wannan tasha, kuma wani kaso na dukiyar da ta gina benayen daga hawayensu ya fito. A 1865 garin ya koma hannun Masar, aka buɗe mashigin Suez a 1869, ciniki ya ƙara bunƙasa. A 1877 Gordon ya sa aka gina gadar da na taka.

Sai kuma Mahadiyya ta taso. Daga 1883 Usman Digna, wanda ɗan gidan fataken Sawakin ne, ya jagoranci mayaƙan Beja suka mamaye karkarar da ke kewaye. An gwabza a El Teb da Tamai a 1884, an yi shekaru garin yana cikin ƙunci, har Kitchener da ya yi gwamna a can daga 1886 ya ƙarfafa ganuwa ya gina ƙofar da ke tsaye har yau. Duk da haka Sawakin ba ta taɓa faɗawa hannun Mahadiyya ba.

Hukuncin alƙalami

Abin da igwa da mashi suka kasa, takarda ta yi shi. Bayan Ingilishi da Masar sun sake kama Sudan, suka duba suka ga mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, ga duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. A 1905 suka fara gina sabuwar tasha a wani wuri da ake kira Shaihu Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Fot Sudan. Ta fuskar sufuri hukuncin yana da hujja. Sai dai ba a yi wa tsohon garin tanadin komai ba. Kwastan ya tashi, kamfanoni suka bi shi, ofisoshin gwamnati suka ƙaura, attajirai suka kulle gidajensu suka bi kasuwa, domin ɗan kasuwa ba ya zama inda ciniki ya bari.

A nan ne yanayin ginin garin ya zama ajalinsa. Da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku aka gina gidajen, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsu don ya riƙe bango, sannan a shafe da farar ƙasa. Dutsen murjani kuwa kamar soso yake, yana shan raɓa da gishiri. Muddin ana sabunta shafen, gida zai kai ɗaruruwan shekaru. Idan aka bari ya ɓare, ruwan saman da kan sauka a gaɓar nan lokacin hunturu zai shiga, katakon ya ruɓe, bangon ya buɗe, bene ya zauna a kan ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan doka, domin mu ma idan damina ta gabato sai an yi yaɓe an gyara indararo, in ba haka ba soro ya faɗo wa mai shi.

To, wa zai yi shafen? Gidajen mallakar iyalai ne, ba na hukuma ba. Mai gida ya rasu a Fot Sudan ko Jidda ko Alƙahira, gidan ya zama gadon 'ya'ya, sannan na jikoki masu yawa da ke warwatse. Babu wanda rabonsa ya kai ya kashe kuɗin gyara, babu kuma wanda zai yarda a sayar da gidan kakansa. Hukuma ta ce dukiyar mutane ce, mutane suka ce kayan tarihi ne, aikin hukuma ne. Tsakanin waɗannan maganganu biyu garin ya zube. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Yau wanda ke son ganin Sawakin ta kakana sai dai ya buɗe wannan littafi.

Waɗanda suka zauna

Kuskuren da na yi a ranar farko shi ne na ɗauka kufai shi ne Sawakin. Da na juya na tsallaka gadar zuwa Gef, ɓangaren garin da ke kan tudu, sai na ga kasuwa tana ci, masunta suna gyaran koma, 'yan Beja da tarin gashinsu suna cinikin awaki. Waɗannan su ne ba su da jarin ƙaura a wancan zamani, kuma su suka riƙe sunan garin.

Cikinsu har da namu. Ko bayan an buɗe Fot Sudan, an ci gaba shekaru da dama ana tsallakar da alhazai daga Sawakin, inda ake tsare su don duba lafiya kafin su shiga jirgi. Talakawan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari ko Fallata, sukan iso guzuri ya ƙare, sai su zauna su yi dako ko ga-ruwa har su tara kuɗin jirgi. Kwararar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka nufi gabas, har ɗansa Mai Wurno ya kafa gari kusa da Sinnar. Wasu sun tsallaka, wasu sun koma gida, wasu kuwa nan ƙasa ta karɓe su. A kasuwar Gef wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ji ni ina Hausa a waya, ta kira ni ta ce, “Ɗana, daga ina?” Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta garau.

Da na tambaye ta abin da ya fi damun mutanen garin, ba ta ambaci gidajen murjani ba. Ta nuna mini jaki yana jan amalanke ɗauke da ganga, ta ce ruwa. Abin da Ibn Battuta ya gani shekaru kusan 700 da suka wuce, shi na gani: ruwan sha sai an saya, kuma talaka ya fi kowa jin tsadarsa.

An sake buɗe tasha a Sawakin a 1991 da sunan Usman Digna, tana jigilar fasinja da dabbobi zuwa Jidda. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000. Dukiya tana ratsa garin kullum, amma kaɗan ke tsayawa a cikinsa. A Disambar 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci tsibirin tare da Umar al-Bashir, aka amince Turkiyya ta raya shi. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da tsohon ginin kwastan, na kuma yi salla a ɗaya daga cikinsu. Aiki ne mai kyau. Amma muhawarar da ta biyo baya ta manyan ƙasashe ce, a kan ko sansanin soja ake shirin kafawa. Al-Bashir ya faɗi a 2019, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, maganar ta bi ruwa.

Kammalawa

Sau biyu aka yanke wa Sawakin hukunci daga nesa: a 1905 aka ce ta mutu, a 2017 aka ce ta tashi. A duka biyun ba bukatar mazauna garin ce a gaba ba. Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne ƙaramin aiki na kullum ke riƙe gari, wato shafen bango, da gyaran rijiya, da zaman magada su daidaita a kan gidan gado tun bai faɗi ba. Wanda zai yi wannan aiki kuwa sai wanda ke kwana a garin, kuma ba zai kwana ba sai da ruwan sha da abin yi. Duk gyaran da ya fara da duwatsu ya manta da mutanen Gef, gishirin teku zai cinye shi kamar yadda ya cinye na farko.

Da na dawo gida na nuna wa kakata hotunan da na ɗauka. Ta daɗe tana kallon tsibin duwatsun, sannan ta tambaye ni ko babu kowa a garin ne. Na ce akwai mutane, har da masu jin Hausa. Ta ce to alhamdulillahi, ta miƙo mini wayar, ta kuma tuna mini cewa bangon zaurenmu ya tsage, ga damina ta kusa.