Fijo 504 da wayar totur

1/ Jama'a, ga ɗan tarihi. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar kowa.

2/ Kawuna a Makoda har yau yana da a-kori-kurarta. Ita ke kai masa gero kasuwar Dambatta. Bana ana tsakiyar kaka ta fara gardama: ka taka totur ta yi lakwas, can kuma ta zabura kamar doki.

3/ Kafireto mai baki biyu ya sa mata. Baki ɗaya ke aiki a ƙaramar tafiya, na biyun sai ka danne totur yake buɗewa. Ashe ɗan ƙarfen da ya haɗa su ne ya cinye, waya kuma ta saki.

4/ Samarin kanikawa uku suka ce sai an sauke inji. Haba! Wani dattijo da ya koyi aiki tun 504 na sabuwa ya saurari ƙararta kawai, ya sauya ƙarfen, ya ɗame wayar. Ya haura saba'in, kuma wallahi ban ga yaro ko ɗaya a garejinsa ba.