Masoyan da suka yi furfura tare da mawaƙansu

Yau Amurka za mu leƙa, mu ji labarin ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead da masoyanta, waɗanda ake kira Deadheads.

A 1965 aka kafa ta a Kalifoniya. Da yawan masoyanta tun suna samari da 'yan mata suka kamu, wasu har suka riƙa bin ta gari-gari, suna sayar da riguna da abinci don su sami kuɗin tikiti.

To me ya riƙe su haka? Mawaƙan ba sa maimaita wasa: waƙar da ka ji jiya, yau da wani salo za ta fito. Sannan sun bar masoya suna naɗar wasan a kaset, a 1984 ma suka ware musu wuri. Sai kaset ya riƙa yawo hannu-hannu, musaya ake yi, ba ciniki ba.

Jagoransu Jerry Garcia ya rasu a 1995, ƙungiyar ta watse. Amma da ragowar mawaƙan suka hau dandamali a Shikago a 2015, sai ga samarin jiya sun dawo da furfura, wasu har da 'ya'yansu.

Kai fa, wane mawaƙin ƙuruciyarka ne har yau ba ka saki ba?