AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tarihin Sake Wa Tsohuwar Mota Fuska

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Nasarawa, ƙetaren kogin Kaduna. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan filin nan, ya ce ya gaji wata Peugeot 504 daga mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi aikin masaƙa. Gabanta ya lotse, fitila ɗaya ta fashe, abokai kuma suna ba shi shawara ya yanke fuskar da hannunsa ya ɗora mata irin ta motocin zamani. Yana so a ba shi tarihin wannan al'ada ta sake wa mota fuska, sannan a gaya masa ko ya yi ko ya fasa.

AMSA: To madalla, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah kuma ya gafarta wa mahaifinka. Tambayarka ta zo daga inda ya kamata, domin kuwa daga Nasarawa zuwa Kakuri, inda aka yi shekaru ana harhaɗa irin motar taka, ɗan taƙi ne.

Ita dai 504, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa ne a Faransa cikin 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na ƙasar Italiya ne ya zana siffarta, kamar yadda ya zana ta yayarta 404 wadda ta fito a 1960. Abin da ya fi fito da ita shi ne fitilun nan nata masu kusurwa huɗu da suka ɗan ɗage gira. Da su ake gane ta tun daga nesa, ko da dare ne.

Sai dai ko a hannun masu ita, fuskar ba ta tsaya iri guda ba. Lokacin da aka kai ta Amurka, dokar can ba ta yarda da irin waɗannan fitilu ba, saboda haka kamfanin ya sa mata zagayayyu guda 4, biyu a kowane gefe. Ka ga ke nan sauya fitila ba baƙon abu ba ne a wurin wannan mota.

Can a Amurka ɗin ne ma al'adar sake fuska don ado ta yi ƙarfi, musamman a jihar Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Samari kan sayi tsohuwar Ford ko Mercury, su cire ragar gaba su sa ta wata motar, su nutsar da fitilu cikin jiki, su shafe duk wata gaɓa da narkakkiyar dalma. 'Yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, da wannan sana'a suka yi suna. Su dai marmari ne ya kai su, ga kuɗi, ga kayan gyara birjik.

Mu kuwa a nan, labarin dabam ne. Tun zamanin manyan motoci na farko, irin su Bedford da Austin, da kai da ƙashin baya kawai mota kan iso, kafintocinmu ne ke ƙera mata bodin katako, masu fenti su yi mata zane da rubutu. Wato hannun ɗan ƙasa ya daɗe yana taɓa jikin mota.

Cikin 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe kamfanin Peugeot na Kakuri. A shekarun farko, ta jirgin sama ake kwaso kayan daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna a harhaɗa. Lokacin kuɗin mai ne, ga ƙarin albashin Udoji bai daɗe da shiga aljihu ba. Gwamnati Fijo take saye, direbobin tasha Fijo, manoma da 'yan kasuwa kuma a-kori-kura. A wancan zamani in ka fasa fitila, kanti za ka je ka sayo sabuwa fil a cikin kwalinta.

Abin ya juya ne daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi warwas. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara suka yi tsada, wasu ma suka ɓace. To, a nan ne kasuwar masu ƙwanƙwasa, wato fanal bita, ta buɗe. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da guduma da tukunyar gas, mutum zai miƙe bonet ɗin da ya naɗe kamar tabarma. In babu ragar gaba, a je Panteka a yanko ƙarfe a ƙera. In fitilar asali ta gagara, a toshe gurbin da falle a huda shi a sa zagayayya. Direbobin dogon zango kuma suka riƙa ƙara bamba ta bututun ƙarfe da fitilun hazo, saboda shanu da ramukan hanya.

Yawancin fuskokin da ka taso kana gani a titunan Nasarawa da Makera da Kakuri, larura ce ta ƙera su. Da wannan dabara ma'aikacin masaƙa ya riƙe motarsa shekara da shekaru, har masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Ita kanta 504, an daina yin ƙirar salun a Faransa tun 1983, amma Kaduna ba ta ajiye ta ba sai a 2006.

Yanzu sai mu zo kan ko ka yi ko ka fasa. Akwai abu uku da ya kamata ka sani kafin ka kunna wutar walda.

Na farko, ƙaramar 504 ba kamar babbar mota take ba, wadda ake ɗora bodi a kan ƙashin baya. Ita jikinta ne ƙashinta. Ƙarfen da ke ciki, gefen injin dama da hagu, shi ke riƙe da kan shokozoba. In ka yanke shi, ko ka gasa shi da wuta har ya saki, tayoyin gaba za su karkace, mota ta riƙa ja gefe guda tana cin taya. Ranar da aka yi karo kuwa, Allah ya kiyaye, wurin waldar ne zai fara ɓallewa.

Na biyu, ragar gaba hancin mota ce, ta nan iska ke shiga ta sanyaya lagireto. Fuskar motar zamani an auna ta ne da nata injin. Ka toshe wa Fijo hanci a zafin watan Afrilu, kafin ka kai Zariya ruwa ya tafasa.

Na uku, fitila ba haske kawai ba ce, saiti ce. In ta kalli sama, ka makantar da mai tahowa, kai ma ba ka ga ramin da ke gabanka ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Saboda haka shawararmu ita ce, duk abin da ake kwancewa da sifana, irin su bamba da raga da gidan fitila, kana iya yi da kanka a ƙofar gida. Ka kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito kafin ka shafa komai. Bodi-fila kuma shafe ake yi da shi sama-sama, ba a cike rami da shi, don in ya yi kauri zai tsage ya zubo. In kana son sanin ko an taɓa cusa shi a motar, ɗora maganaɗisu a wurin, in ya ƙi kamawa to akwai shi. Amma duk aikin da ya kai ga yanka da walda a ƙarfen ciki, nemi tsohon mai ƙwanƙwasa wanda ya san Fijo. Kada kuma a taɓa wurin da lambar shasi take, don kada takardunka su saɓa da motar ranar da jami'an duba motoci suka tare ka.

Daga ƙarshe, Malam, ka duba ka gani, 504 nawa suka rage a titi? Da yawa 'yan gwangwan sun sare su sun auna a sikeli. Wadda ta tsira da fuskarta ta asali ta fi daraja a wurin masu neman tsofaffin motoci, mai fuskar aro kuwa ba ta zama sabuwa ba, ta kuma bar zama Fijo. In da hali, nemi fitila irin tata a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota ka mayar mata. In dole ta sa ka canza, to ka adana duk abin da ka cire, ka kuma yi aikin yadda gobe za a iya mayarwa. Da tsohuwar zuma ake magani.