3.2 Tarihin Hasashen Yanayi da Gargaɗin Ambaliya a Yankin Kaugama

Kafin zuwan Turawa, manoman ƙasar Haɗeja suna da hanyoyinsu na sanin abin da damina za ta zo da shi. Malamai sukan yi lissafin taurari su faɗi lokacin shuka, talaka kuwa yakan lura da isowar shamuwa da juyawar iska. Game da kogi, masunta ne masana. Su ne ke ganin ruwa ya sauya launi, su san cewa an yi ruwa a kudu kuma cikowa na tafe. A wancan zamani ambaliya ba baƙuwa ba ce, domin da ita ake noman shinkafa a fadama, a kama kifi, makiyaya kuma su sami ciyawar rani.

Turawan mulki sun fara ajiye lissafin ruwan sama a Kano tun 1905, sai dai wannan awo bai shafi gargaɗin manomi ba. Abin da ya sauya al'amarin kogin shi ne gina madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, bayan farin da ya addabi Arewa, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan aka kammala madatsar Challawa a 1992, wato shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa. Tun daga nan cikowar kogi ta daina bin damina kaɗai. Ruwa ya riƙa gudana har da rani, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta yadda cikowa kaɗan kan fasa gaɓa ta shiga gonaki.

A nan ne mai bincike yake ganin gundarin matsalar. Ruwan da ke cinye gonakin Marke da sauran ƙauyukan bakin kogi a Ƙaramar Hukumar Kaugama, galibinsa ba a kansu ya sauka ba. Yana tasowa ne daga kudanci da yammacin Jihar Kano, ya ratso Wudil da Ringim, ya ɗauki kwanaki a hanya. Saboda haka mutum na iya jin rediyo ya ce gobe za a yi rana a Jigawa, maganar kuma ta tabbata, amma ya wayi gari shinkafarsa na cikin ruwa. Ambaliyar 2001 da ta 2010 sun nuna haka. A ta 2010 har an yi musayar kalamai, inda gwamnatin Jigawa ta ɗora laifin a kan sakin ruwa daga madatsun, hukumar kogunan kuma ta musanta.

Hukumomin da ke da alhakin gargaɗi sun zo ne a makare, kuma ɗaya bayan ɗaya. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, a 1999, dokarta kuma ta tanadi a kafa irinta a kowace jiha. Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, ta samu dokarta a 2003. Ita ce ke fitar da hasashen kullum da na damina baki ɗaya. Hukumar lura da koguna, NIHSA, ta samu tata a 2010, kuma bayan babbar ambaliyar 2012 ta fara fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara a 2013, inda take lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

Ba za a ce wannan ba ci gaba ba ne. Sai dai hasashen shekara yana faɗin wuri ne, ba ya faɗin rana, na kullum kuma yana faɗin halin sararin sama, ba ya faɗin tsayin ruwa a gadar Wudil. Hukumar agajin jiha tana buƙatar duka biyun, haɗe da labarin abin da ke fitowa daga Tiga da Challawa, waɗanda ke cikin wata jiha kuma a hannun Gwamnatin Tarayya. Ko a 2020 da 2022 an yi hasashe tun kafin damina, duk da haka ruwa ya ci gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja, jama'a suka kwana suna cika buhuna da yashi don tare jinga. Sashe na gaba zai duba yadda saƙon gargaɗi ke bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa kafin ya kai ga manomi.