Dutse a Kasuwa: Tarihin Fataucin Dutse da Karo a Ƙasar Arewa

1. Gabatarwa

Ƙasar Arewa, wato yankin Arawa da a yau ya ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jihar Dosso, ƙasa ce mai yawan dutse. Sunan babban garinta ma daga tsaunin da ke tsaye a kansa ya fito. A karin harshen yamma, harafin ts yakan koma c mai ƙarfi idan wasalin i ya biyo shi, saboda haka abin da Bakano ke kira dutse, Ba'are yana faɗinsa kusa da duci, kuma wannan lafazi ne Faransawa suka rubuta Doutchi. Duk da wannan yalwa, dutsen gini bai zama haja a kasuwannin Arewa ba sai cikin ƙarni na 20, kuma dutsen da ya fi tsada a kantunan yau daga wata ƙasa ake kawo shi. Wannan maƙala tana bin diddigin dalilin haka, ta hanyar duba tarihin sufuri da kuma kalmomin da Hausawa ke amfani da su a wannan sana'a. Abin da za a nuna shi ne, nauyin kaya da nisan hanya su ne suka yanke wa kowane irin dutse hukuncin shiga fatauci ko zama a gida.

2. Irin dutsen da ƙasar ke da shi

Arewa tana cikin babban kwarin da masana ƙasa ke kira Iullemmeden. Dallol Mauri, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamani mai nisa, ya ratsa ta daga arewa zuwa kudu, kuma a gefensa akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Jikin tuddan nan dutsen yashi ne da yumɓu, samansu kuwa wani ɓawo ne ja mai haɗe da ƙarfe, wanda Hausawa ke kira marmara. Haka ƙasar take a wajen Matankari da Dogon Dutsi, haka kuma take a Sukukutane, can arewacin gundumar. Dutse mai tsananin tauri, irin wanda ake yankawa a goge shi ya yi sheƙi, ba ya cikin arzikin wannan yanki. A Nijar ana samun sa ne a Liptako, yamma da kogin Kwara, da Damagaram, da Abzin, da kuma kudancin Maraɗi.

Harshe ya rarrabe waɗannan abubuwa tun da daɗewa. Akwai fa, shimfiɗaɗɗen dutse. Akwai tsakuwa, ƙananan duwatsu. Akwai burji, jar tsakuwar da ake zubawa a hanya. Akwai tama, dutsen da ake narkarwa a fitar da ƙarfe. Akwai farar ƙasa ta shafen ɗaki. Yawan kalmomin nan shaida ne cewa mutane sun san dutsensu sarai. Amma sanin abu daban, sayar da shi daban.

3. Dutsen da ba ya zuwa kasuwa

Dutsen da ya fi kowane suna a tarihin Arewa shi ne Tunguma na Lugu. Bisa ga labarin baka, shi ne ya yi wa Sarauniya ta farko jagora daga Daura har inda aka kafa garin, kuma a wurinsa ake neman gaskiya idan shari'a ta rikice. Marc-Henri Piault ya yi nazarin tsarin nan na Azna, da matsayin Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, cikin littafinsa Histoire Mawri na 1970. Dutse irin wannan amana ce ta masu ƙasa, ba ya da farashi.

Ta wajen gini kuwa, misalin da ya fi kusa yana Kabi, maƙwabciyar Arewa ta kudu maso gabas. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya gina Surame, ya kewaye ta da ganuwa wadda aka yi amfani da dutse wajen gininta, kuma kufanta yana nan cikin jihar Sakkwato ta Nijeriya. Labarin baka ya nuna cewa da ƙarfin sarauta aka tara ma'aikatan, daga cikin al'ummun da Kanta ya ci da yaƙi. Ke nan ikon sarki ne ya ɗauko dutsen Surame, ciniki bai shiga ciki ba. Talaka kuwa da abin da ke kusa da shi yake gini: laka da tubali, ko kara da ciyawa.

Ƙasan ɗaki ma yana da tasa fasaha kafin zuwan siminti, wato daɓe. Mata ne ke yin sa da gayya. Sukan shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har wurin ya yi tauri ya yi santsi. Duk kayan aikin daga bayan gari suke, ladan ma'aikatan kuwa abinci ne da ramuwar gayya.

Dalilin da ya hana waɗannan kaya tafiya nesa a fili yake. Jaki a doguwar tafiya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo 50 zuwa 60, raƙumi kuwa wajen kilo 150. Farke ba zai cika mangala da marmara ya yi kwanaki a hanya ba, alhali kuɗin da zai samu ba zai biya harawar dabbarsa ba. Ko tama, a kusa da inda aka haƙo ta ake narkar da ita, ƙarfen ne ke tafiya kasuwa. Dutsen niƙa da magurjin auduga sun ɗan fi sauran tafiya, domin ana sayen su sau ɗaya a yi shekaru ana mora.

4. Lantana: dutsen da ya biya kuɗin hanyarsa

Akwai dutse ɗaya daga ƙasar Nijar ta yau da ya shiga babban fatauci tun kafin zuwan Turawa. A yamma da Arewa, bayan an ƙetare Zabarma, akwai Kirtashi a bakin kogin Kwara, kudu da Sayi. A wannan yanki ake haƙo wani jan dutse mai tauri da ake kira lantana. Fatake Hausawa ne ke sayen sa, su bi da shi ta kogi cikin jiragen ruwa zuwa kudu, har ya isa hannun masu sassaƙa duwatsun ado a tsohuwar Oyo. Bayan rushewar Oyo a wajen shekarun 1830, sana'ar ta koma Ilori. A can ake fasa dutsen, a huda shi, a goge, a sayar wa sarakunan Yarabawa da na Binin. Ann O'Hear ta rubuta tarihin wannan sana'a a 1986.

Abubuwa biyu ne suka sa lantana ta yi nasara inda marmara ta kāsa. Na farko, kaɗan daga cikinta yana da daraja mai yawa. Na biyu, kogi ya rage wahalar ɗauka. Amma a nan ma akwai abin lura: masu haƙa suna wuri ɗaya, masu gyara suna wani wuri mai nisa, kuma riba mafi tsoka tana wajen mai gyara da mai kai wa sarki. Cikin rabin farko na ƙarni na 20 sana'ar ta durƙushe, bayan duwatsun ado na kwalba daga Turai sun cika kasuwa da araha. Abin da ya rage a bakin Hausawa shi ne sunan, domin har yau ana kiran mace Lantana.

5. Mota, siminti da karo

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 ta gyara iyakar da aka shata a 1898, Arewa ta tabbata a hannun Faransa, kuma hanyar da ta haɗa kogin Kwara da Damagaram ta bi ta cikinta. Gine-ginen gwamnati da aikin hanya su ne suka fara buƙatar dutse da burji da yawa, kuma da aikin tilas aka tara su har zuwa 1946, lokacin da dokar Houphouët-Boigny ta soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Daga nan ne tara tsakuwa ya soma zama aikin da ake biya.

Sauran canjin mota ce ta kawo shi. Layin dogo daga Kwatano ya isa Paraku a 1936, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta buɗe a 1958, bayan samun mulkin kai a 1960 kuma aka shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966, ta Kalambaina kusa da Sakkwato kuma a 1967. Siminti yana buƙatar yashi da tsakuwa, saboda haka abin da dā ake ɗiba kyauta a bayan gari ya sami farashi, ana auna shi da amalanke ko da mota. Daɓen mata ya ja baya, daɓen siminti ya maye gurbinsa, kalmar kuwa ta zauna.

Bayan siminti sai karo. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna yumɓu ne da aka gasa da wuta mai tsanani, dutsen asali kaɗan ne a ciki. Manyan wuraren yin sa su ne Sassuolo a Italiya, Castellón a Sifen, Foshan a Sin da Morbi a Indiya, sa'an nan akwai masana'antu a jihohin Ogun da Kogi na Nijeriya. Murabba'in mita ɗaya na karon ƙasa yakan kai kilo 15 zuwa 20, wato jakin fatake ba zai ɗauki fiye da murabba'in mita huɗu ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a iya wannan ciniki sai da jirgin ruwa da babbar mota.

Babban ɗan kasuwa yakan yi odar kwantena, kayan su sauka a tashar jiragen ruwa, a kawo su manyan kasuwannin kayan gini irin su Katako a Yamai ko Ƙofar Ruwa a Kano. Daga nan masu sari ke ɗauka kwali-kwali zuwa garuruwa irin Dogon Dutsi, mai gini daga ƙauye kamar Sukukutane kuma ya saya a hannunsu, ya biya kuɗin mota, ya ɗauki hasarar abin da ya fashe a hanyar burji. Tun da kayan daga waje suke, duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka yana taɓa farashinsu. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ya ninka kuɗin kayan ƙetare. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa ya karkatar da kaya zuwa Lome, ta doguwar hanyar Burkina Faso.

6. Shaidar kalmomi

Idan aka jera kalmomin wannan sana'a, za a ga sun rabu kashi uku. Kashi na farko sunayen kayan ƙasa ne, fa da tsakuwa da tama da marmara, waɗanda suka daɗe cikin harshen. Kashi na biyu kalmomin ciniki ne da aka gada daga zamanin ayari: sari, farke, bashi, da kuma dillali da la'ada waɗanda aka aro daga Larabci. Kashi na uku sunayen sababbin kaya ne da ma'aikatansu, kuma a nan ne iyakar mulkin mallaka ta raba harshe biyu. Bahaushen Nijar yana cewa karo, daga kalmar Faransanci carreau, na Nijeriya yana cewa tayil. Na farko yana kiran magini maso, na biyu birkila. Ba'are da ke cin kasuwa a ɓangarorin biyu yana riƙe da duka.

Kalmar marmara tana da nata rikici. A tsohuwar ma'anarta, jan dutsen tudu ne mai araha. A bakin masu kanti kuwa tana nufin farin dutse mai sheƙi, irin na Carrara a Italiya ko na Jakura da Igbeti a Nijeriya, wanda Larabawa ke kira marmar. Kalma ɗaya ta zama sunan dutsen da ya fi araha da wanda ya fi tsada, kuma wajibi ne masu tsara ƙamus su raba ma'anonin biyu.

7. Kammalawa

Tarihin dutse a kasuwar Arewa tarihin sufuri ne. A zamanin jaki, sai dutse mai daraja kamar lantana ke tafiya nesa. A zamanin mota, nauyi ya daina zama shamaki, amma hanyar da ta buɗe ta fi shigo da gyararren kaya a kan fitar da na gida. Mai fasa tsakuwa a gefen tudu yana sayar da ƙarfinsa da araha, kamar yadda mai haƙar lantana ya yi a Kirtashi, ribar kuwa tana hannun mai gyara da mai sari. Ga masu nazarin harshe, aikin da ke gaba shi ne tattara kalmomin daɓe da na narkar da tama, tare da waƙoƙinsu, daga bakin tsofaffin Sukukutane da Matankari da Lugu, tun da sana'o'in da suka haife su sun riga sun ja baya.