Tarihin Manhajojin Mayar da Gem ɗin Allo Zuwa Duniyar VR

Manhajojin mayar da gem zuwa VR rukuni ne na manhajojin kwamfuta da ke ɗaukar wasan da aka ƙirƙira domin shimfiɗaɗɗen allo, irin na talabijin ko na laftof, su sarrafa hotonsa yadda za a iya buga shi da tabaran VR. Tabaran VR na'ura ce da ake ɗaurawa a kai, mai ƙananan alluna da gilasai a gaban idanu, wadda ke nuna wa kowane ido hotonsa daban, tana kuma bin motsin kai. Mai sanye da ita yana ganin kansa a tsakiyar filin wasan, idan ya waiga ya ga abin da ke bayansa. Fitattu a cikin waɗannan manhajoji su ne TriDef, Vireio Perception, vorpX, R.E.A.L. da UEVR. Tun da ba a gina wasannin domin wannan aiki ba, kusan kowannensu yana zuwa da tasa tangarɗar, shi ya sa tarihin fannin ya zama tarihin gano matsala da gyara ta, wanda mafi yawansa ɗaiɗaikun mutane ne suka yi, ba manyan kamfanoni ba.

Asali

Tushen abin yana cikin halittar ɗan Adam. Tsakanin ƙwayoyin idanun baligi akwai tazarar da ta kai kusan milimita 63, saboda haka kowane ido yana kallon duniya daga wani ɓangare na daban, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da zurfi da nisa. A 1838 masanin kimiyya Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana wannan, ya ƙera na'ura mai madubai da ke nuna wa kowane ido zanensa. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa na'urar kai mai nuna zanen kwamfuta da ke bin motsin kai a Jami'ar Harvard ta Amurka. A shekarun 1980 Jaron Lanier da kamfaninsa VPL Research suka yayata sunan fasahar, wato VR, suka fara sayar da kayanta.

Yunƙurin farko na kai ta ga 'yan gem bai yi nisa ba. A 1991 injinan Virtuality suka shiga gidajen wasa a Birtaniya. A 1995 kamfanin Forte ya fitar da VFX1 domin kwamfutar gida, aka buga wasanni irin su Descent da ita, a shekarar kuma Nintendo ya fitar da Virtual Boy mai jan hoto, wanda bai shekara a kasuwa ba aka daina yin sa. Hoton wancan zamani dishi-dishi ne, kwamfutocin ba su da sauri, masu amfani kuma suna kukan jiri da ciwon kai.

Zamanin direbobin zurfin hoto

Dabarar da manhajojin yau suka gada ta fito ne daga tabarau masu ƙiftawa, waɗanda ake kallon allo na yau da kullum da su. A 1999 kamfanin ELSA na Jamus ya sayar da tabaran Revelator tare da manhajar da ke tsayawa tsakanin gem da katin hoto na kwamfuta. Aikinta kamar na tafinta ne: gem ya ba da umarnin a zana fili sau ɗaya, ita kuma ta karɓi umarnin ta sa a zana shi sau biyu, daga hagu da daga dama. Nvidia ya bi wannan hanya, a 2009 ya fitar da 3D Vision, mai buƙatar allon da ke sauya hoto sau 120 a daƙiƙa. TriDef da iZ3D ma sun yi irin wannan aiki.

A wannan zamani ne aka gano cutar da har yau take addabar fannin. Masu ƙirƙirar gem suna lissafa inuwa, haske, hazo da ƙyallin ruwa bisa kyamara guda ɗaya. Idan aka raba kyamarar biyu, sai inuwa ta tsaya a wurin da bai dace ba, ko ta bayyana a ido ɗaya ta ɓace a ɗayan. Daga 2012 wani mai kwaskwarima da aka sani da Helix ya samar da kayan aikin da ke ba da dama a farauto ƙaramin lissafin da ke zana inuwar, a gyara shi ko a kashe shi. Daga baya 3Dmigoto ta kawo wannan dama ga wasannin DirectX 11. Nvidia ya daina tallafa wa 3D Vision a 2019, amma ɗaruruwan gyare-gyaren da aka tara ba su mutu ba.

Zuwan Oculus

A Agustan 2012 Palmer Luckey ya nemi gudummawar jama'a ta Kickstarter domin ƙera Oculus Rift, ya tara dala miliyan 2.4. A shekarar John Carmack, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Doom, ya nuna samfurin na'urar da wasan Doom 3 a bajekolin E3. Na'urar gwaji ta farko, DK1, ta fara isa hannun mutane a Maris 2013, sai aka wayi gari ga tabarau amma wasannin da za a buga da su ba su taka kara sun karya ba. Valve ya ƙara wa Team Fortress 2 da Half-Life 2 tsarin VR, sauran giɓin kuma manhajojin tsakani suka cike shi. Vireio Perception kyauta ce kuma a buɗe take ga duk mai son gyara ta. vorpX, wadda Ralf Ostertag na Jamus ya fitar a 2013, ta kuɗi ce, ita ce kuma ta fi daɗewa ana amfani da ita.

vorpX ta fito da hanyoyi biyu da suka zama ginshiƙi. Ta farko tana zana fili sau biyu da gaske, zurfinta cikakke ne amma tana cin ƙarfin kwamfuta kusan ninki biyu. Ta biyu tana zana hoto ɗaya, ta karanta bayanin nisan kowane ɗigo da gem ya ajiye, ta ƙago hoton ido na biyu daga gare shi. Wannan ta fi sauƙi, sai dai gefunan abubuwa sukan yi ɗan lauje. Akwai kuma mafita ta uku ga wasan da ya ƙi: a nuna shi a kan wani makeken allo cikin ɗakin silima na ƙirƙira.

Facebook ya sayi Oculus a Maris 2014 a kan kusan dala biliyan 2. A 2016 Oculus Rift, HTC Vive da PlayStation VR suka shiga kasuwa. Rift da Vive suna sauya hoto sau 90 a daƙiƙa, wato kwamfuta tana da kimanin milidaƙiƙa 11 ta gama zana wa idanu biyu. Oculus ya ba da shawarar katin hoto GTX 970 da ƙwaƙwalwar RAM gigabayit 8, abin da ya fi ƙarfin yawancin laftof na lokacin.

Matsaloli da hanyoyin gyara

Babbar matsala ita ce jiri da tashin zuciya. Suna faruwa idan ido ya ga motsi amma ma'aunin daidaito da ke cikin kunne bai ji shi ba, ko kuma hoto ya makara wajen bin kai. Masana fannin suna neman kada jinkirin ya wuce milidaƙiƙa 20. Gyaran farko shi ne rage nauyin hoto har saurin ya daidaita. Sannan a kashe girgizar kyamara da dishewar da gem ke yi wa hoto lokacin gudu, a mayar da juyawa ta zama taki-taki. Oculus ya taimaka da dabarar karkata hoton ƙarshe ya bi sabon matsayin kai, a ƙarshen 2016 kuma ya ƙara wadda ke ƙago hoto ɗaya tsakanin kowane biyu, yadda kwamfutar da ke iya 45 za ta yi kamar tana yin 90.

Ta biyu ita ce faɗin gani. Gem ɗin allo yakan nuna digiri 60 zuwa 90, tabarau kuwa suna neman kusan 100 ko fiye. Idan ba a daidaita su ba, duniya takan lanƙwashe idan an juya kai, ko mutum ya ji kamar yana leƙe ta bututu. Ana gyara wannan a saitin gem ko a cikin fayil ɗin saitinsa. Haka nan idan tazarar kyamarori biyu ta yi yawa, gidaje da mutane sukan koma kamar kayan wasan yara; idan ta yi kaɗan, komai ya zama ƙato.

Ta uku ita ce rubuce-rubuce da alamomi: taswira, ma'aunin rai, adadin harsashi. Wurinsu kusurwar allo ne, a cikin tabarau kuwa kusurwar tana can gefen da ido ba ya kaiwa. Manhajojin suna ƙanƙanta su, su jawo su tsakiya, ko su liƙa su a wani allo mai yawo a gaban mai wasa.

Ta huɗu ita ce ƙin kamawa gaba ɗaya. Manhajar tsakani tana cusa kanta cikin gem yana tsaka da aiki, halin da manhajar kashe bairos takan ɗauka a matsayin kutse ta toshe ta. Manhajojin da ke ɗora bayanai a saman hoto ko suke naɗar bidiyo sukan yi karo da ita. Sabunta gem ko direban katin hoto yakan rushe gyaran da ya yi aiki jiya. A wasannin intanet kuwa, masu gadin maguɗi irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye suna iya korar ɗan wasa, saboda haka ba a shawartar a gwada a can. Ƙa'idar masu gyara guda ce: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta sakamakon, sannan a matsa.

Zamanin masu kwaskwarima

Wasu kamfanoni sun mayar da wasanninsu da kansu, kamar Resident Evil 7, Skyrim VR da Fallout 4 VR a 2017, amma ba su da yawa. Fitowar Oculus Quest a 2019 da Quest 2 a 2020 a kan dala 299 ta sauƙaƙa mallakar tabarau. Ana haɗa su da kwamfuta ta waya da Oculus Link, ko ta iska da Virtual Desktop da Air Link. A 2019 ɗin ƙungiyar Khronos ta fitar da OpenXR, harshe ɗaya da tabarau daban-daban ke fahimta.

Daga nan aiki ya karkata zuwa gyara mai zurfi. Luke Ross ya mayar da Grand Theft Auto V zuwa VR a 2019 da dabarar zana wa ido ɗaya hoto, sannan ɗayan, bi da bi. A 2022 kamfanin Take-Two ya nemi a sauke ayyukan da Ross ya yi a kan wasannin kamfanin, lamarin da ya tayar da muhawara kan haƙƙin mallaka da karɓar kuɗi a kan kwaskwarima. Team Beef sun kai Quake da Half-Life cikin Quest ba tare da kwamfuta ba. A farkon Janairun 2024 mai kwaskwarima praydog ya saki UEVR kyauta. Ita tana farkar da tsarin idanu biyu da ke kwance cikin injin Unreal Engine 4 da 5, wanda dubban wasanni suka ginu a kansa, tana kuma ba da damar nuni da bindiga ko takobi da motsin hannu.

A Najeriya da Minna

VR ta fara tsayawa da ƙafarta a Najeriya ne daga Legas. A 2016 Judith Okonkwo ta kafa ɗakin gwaje-gwaje na Imisi 3D, a 2019 kuma fim ɗin Joel Kachi Benson, Daughters of Chibok, ya ci kyauta a sashen VR na bikin fina-finai na Venice. Hanyar da ta fi araha ita ce akwatin da ake zura waya a ciki, irin Google Cardboard na 2014, tare da manhajoji kamar Trinus da VRidge masu aiko hoton kwamfuta zuwa waya. Irin wannan yana bin juyawar kai kawai, ba ya bin matsawar jiki, jinkirinsa kuma yana saurin sa jiri.

A Minna, kamar sauran biranen Arewa, al'adar gem ta girma ne a gidajen gem, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation a gaban talabijin. Waɗannan na'urori a rufe suke, manhajojin tsakani ba sa shiga cikinsu, don haka fannin ya dogara ga kwamfuta mai katin hoto na musamman. Masu irinta sun fi yawa a cikin masu zanen gini, masu tace bidiyo da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, inda ake koyar da kimiyyar kwamfuta, injiniyancin kwamfuta da tsaron intanet.

Yanayin garin yana ƙara nasa matsalolin a kan na manhaja. Jihar Neja, inda Minna take, ita ce mai madatsun samar da wuta na Kainji, Shiroro da Zungeru, amma ɗaukewar wuta ruwan dare ce, laftof kuwa yana rage ƙarfin katin hotonsa da zarar ya koma kan batir. Zafin Maris da Afrilu, wanda yakan doshi digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, suna sa kwamfuta ta rage gudu don kare kanta, hoto ya fara tsinkewa alhali saitin lafiya lau yake. Manyan wasanni sukan haura gigabayit 50, kowane sabuntawa kuma data ne. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara tsadar tabarau da katin hoto, waɗanda duk shigo da su ake yi. Saboda haka gyara a nan yana farawa ne daga wuta, sanyaya da tsabtace fanka kafin a taɓa manhaja, kuma tsofaffin wasanni marasa nauyi su ne suka fi dacewa.

A nan ne fannin yake da amfani na musamman ga gari irin Minna. Yawancin kayan aikinsa kyauta ne, wasunsu a buɗe suke ga mai son karanta yadda aka rubuta su, kuma ba sa buƙatar a sayi sabon gem. Ɗalibin da ya zauna ya gano dalilin da inuwa ta ɓace a ido ɗaya ya koyi lissafin kyamara, aikin katin hoto da tsarin bincike mataki-mataki. Wannan ilimin ne ake buƙata wajen gina manhajojin VR na koyar da likitanci, zanen gini da horar da ma'aikata.