Bambancin impeachment, immunity da impunity

Kalmomin Turanci uku da suka fara da "im" na yawan fitowa a labaran siyasa, kuma sau da yawa akan gauraya su: impeachment, immunity da impunity.

Mafarin nasu ya samo asali ne daga "in" na harshen Latin, wanda kan koma "im" idan harafin b, m ko p ya biyo baya.

Sai dai "in" ɗin iri biyu ne. Akwai mai kore ma'ana, kamar a impossible, wato abin da ba zai yiwu ba. Akwai kuma mai nufin shiga ciki, kamar a import, wato shigo da kaya.

Impeachment

Wannan daga kashi na biyu take, domin tushenta na nufin sanya wa mutum mari a ƙafa.

Akan fassara ta da "tsigewa", amma a Amurka fassarar na iya ɓatar da mai sauraro. A can, ma'anarta tuhuma ce kawai wadda majalisar wakilai ke amincewa da ita da ƙaramin rinjaye. Majalisar dattawa ce ke yin shari'ar, kuma sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun yarda kafin shugaba ya sauka.

An tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, sannan Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021. Babu wanda aka cire daga cikinsu. Richard Nixon kuwa murabus ya yi a 1974 tun kafin a kaɗa ƙuri'a.

A Najeriya, jaridu kan yi amfani da kalmar da ma'anar cirewa daga mulki gaba ɗaya, kamar yadda majalisar dokokin jihar Kaduna ta yi wa Gwamna Balarabe Musa a 1981.

Immunity

A nan "im" na korewa ne. Asalin kalmar na nufin wanda aka ɗauke wa wani nauyi da ke kan sauran jama'a.

A wajen likitoci garkuwar jiki ce, kuma daga tushe guda suke da immunisation, wato rigakafi.

A wajen lauyoyi kuwa kariya ce daga gurfana gaban kotu. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu wannan kariya, amma muddin suna kan kujera kawai. Da zarar sun sauka, ana iya gurfanar da su.

Jami'an diflomasiyya ma na da irin tasu, ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1961.

Impunity

Harafi guda ne ya raba ta da immunity, abin da ya sa aka fi rikita su.

Tushenta shi ne kalmar Latin mai nufin hukunci, don haka ma'anarta aikata laifi a kwana lafiya. Immunity doka ce ke bayar da ita, tare da iyaka. Impunity kuwa na faruwa ne idan an ƙi zartar da dokar, ko an kasa.

A 2013, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga watan Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da rashin hukunta masu cin zarafin 'yan jarida, kuma impunity ce kalmar da ke cikin sunan ranar na Turanci.